Bushiya ce ko beguwa? Abin da ya kamata ku sani game da sunayensu a ƙasashen Sikandinabiya

A harshen Norwe, piggsvin bushiya ce. A harshen Suwidin kuwa, piggsvin beguwa ce. Rubutu ɗaya ne, lafazi ma kusan ɗaya, amma dabbobin daban-daban, ga shi kuma ƙasashen biyu maƙwabtan juna ne, iyakar da ta raba su ta haura kilomita 1,600. Mutumin Oslo ta Norwe zai iya gaya wa baƙonsa daga Stockholm ta Suwidin cewa jiya da daddare piggsvin ta shigo masa lambu tana kiwo, baƙon ya yi kasaƙe yana tunanin ko wata ce ta tsere daga gidan zu, domin ya san babu beguwa ko ɗaya a dazukan ƙasashen nan.

Abin da ya sa irin wannan ruɗani yake da sauƙin faruwa shi ne harsunan Sikandinabiya uku, wato na Denmak da Norwe da Suwidin, 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu sun fito daga tsohon harshen Norse, wanda mutanen da ake kira Viking suka yi magana da shi sama da shekara dubu da suka wuce. Har yau ɗan Norwe da ɗan Suwidin kan zauna su yi hira kowa da harshensa ba tare da tafinta ba. Na Denmak ne ke ɗan ba maƙwabta wuya a kunne, saboda masu shi suna haɗiye baƙaƙe da yawa, amma a rubuce yana kusa ƙwarai da na Norwe. To, wanda ya ji kalmar da bai taɓa ji ba zai tsaya ya yi tambaya. Wanda ya ji kalmar da ya sani tun yana yaro ba zai tambaya ba, ya ɗauka ya gane, alhali ma'anarta ta canza da aka tsallaka iyaka. Suna da irin waɗannan kalmomi da dama. Rolig a Suwidin abin ban dariya ne, a Denmak da Norwe kuwa natsattse. Frokost a Norwe karin kumallo ne, a Denmak abincin rana. Piggsvin tana cikin wannan sahu, sai dai ita tarihinta ya fi sauran daɗin bi.

Dabbobin su kansu

Bahaushe ba ya buƙatar a raba masa bushiya da beguwa, don duk biyun yana da su a dajinsa, kowacce kuma da sunanta da ba ya kama da na ɗayar. Amma yana da kyau a san cewa ban da ƙaya babu abin da ya haɗa su. Kama da wane ba wane ba. A wajen masana dabbobi, bushiya dangin jaɓa ce: ga dogon hanci, ga ƙananan haƙora masu tsini, abincinta ƙwari da tsutsotsi da tana da dodon koɗi, wani lokaci har da ƙwan tsuntsun da ya yi sheƙa a ƙasa. Beguwa kuwa dangin ɓera da gafiya da kurege ce, masu manyan haƙoran gaba da ba sa daina tsiro, abincinta saiwoyi da ɓawon itace da amfanin gona, shi ya sa manomin rogo da dankali ba ya shiri da ita.

Girma ma ba ɗaya ba. Bushiyar Turai, wadda ta ɗara tamu ta nan jiki, takan kai kilo ɗaya ko ta ɗan wuce, tana ɗauke da ƙaya wajen 5,000 zuwa 7,000, kowacce tsawonta santimita biyu zuwa uku. Beguwa mai tukku, irin wadda ake samu a ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, tana iya haura kilo ashirin, ƙayarta kuma takan wuce santimita talatin. Idan bushiya ta tsorata, dunƙulewa take yi ta ɓoye kai da ƙafafu ta jira masifa ta wuce. Beguwa kuwa sai ta buɗa ƙayoyinta, ta kaɗa na wutsiya su yi ƙara, in abokin gaba bai ja da baya ba ta taho masa da baya-baya ta soke shi. Zancen cewa tana harba ƙaya daga nesa daɗaɗɗe ne, har marubutan Girka da Rum na dā sun faɗe shi, amma ba haka abin yake ba. Ƙayoyin ba su kafu sosai a fata ba ne, da zarar sun shiga jikin wani sai su tsinke su zauna a can.

Yanzu ga mabuɗin zancen gaba ɗaya. A Sikandinabiya bushiya 'yar gida ce. Tana ko'ina a Denmak, tana kudanci da tsakiyar Suwidin, tana bin gaɓar teku a Norwe, kuma ta fi son zama kusa da mutane, a lambuna da maƙabartu da gindin shinge. Beguwa kuwa ba ta taɓa zama dabbar dajinsu ba a iya tarihin da aka rubuta. A duk nahiyar Turai, Italiya ce ƙasar da aka san ta da beguwar daji. Saboda haka manomin Denmak ko na Norwe ya yi ɗaruruwan shekaru yana tuntuɓe da bushiya a bayan rumbunsa kafin ya taɓa jin labarin wata babbar dabba mai ƙaya da ke can ƙasashen zafi. Sa'ad da labarin ya iso ta hanyar littattafai da matafiya da masu yawo da namun daji ana kallo, sai aka rasa sunan da za a ba baƙuwar. Yadda kowace ƙasa ta warware wannan matsala ya dogara ne ga sunan da ta riga ta ba 'yar gida.

Denmak da Norwe: sunan ya riga ya sami mai shi

Mutanen Denmak suna kiran bushiya pindsvin. Kalmomi biyu ne aka haɗa: pind, wato tsinke ko ɗan ƙaramin sanda, da svin, wato alade. Aladen tsinke ke nan. Harafin d ɗin nan na tsakiya ba a furta shi, a rubutu kawai yake. Tun da bushiya ta riga ta mallaki wannan suna, da beguwa ta zo sai aka yi mata ƙari a gaba. Aka ce hulepindsvin. Hule kogo ne ko rami, kuma sunan ya dace, domin beguwar Afirka da Asiya a rami take wuni. Idan aka bi kalmar yadda ɗan Denmak yake jin ta, bushiyar kogo ke nan. Da aka san akwai wata irin beguwa a nahiyar Amurka mai hawan itace, sai aka ce mata træpindsvin, bushiyar bishiya. A idon harshen, duka dangin bushiya ne da suka bambanta da wurin zama, ko da yake ilimin dabbobi bai yarda da haka ba.

Norwe ta bi wannan hanya, kuma dalilin yana cikin tarihinta. Daga 1380 zuwa 1814 sarki ɗaya ke mulkin Denmak da Norwe, fadar kuma a Kopenhagen take. Harshen Denmak ne na rubutu da coci da kotu da makaranta, musamman bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki da shi a 1550. Bayan rabuwa, sannu a hankali 'yan Norwe suka riƙa gyara rubutun don ya dace da bakinsu. Gyaran da aka yi a 1917 ya mai da nd zuwa nn a kalmomi da yawa, mand ta koma mann, wato namiji. A kan wannan tsari ne pindsvin ta zama pinnsvin. Kusa da ita kuma akwai piggsvin, daga pigg, tsini ko ƙaya, kalmar da ake samu a piggtråd, waya mai ƙaya, da piggdekk, tayar mota mai ƙusoshi da ake sawa lokacin ƙanƙara. Duka biyun karɓaɓɓu ne a ƙamus. Littattafan ilimin dabbobi sun fi karkata ga piggsvin, jama'a da yawa kuwa pinnsvin suka tashi da ita, kuma ita ce ke cikin sunan waƙar yara ta Alf Prøysen, Bolla Pinnsvin. Beguwa a can ita ce hulepiggsvin ko hulepinnsvin, ta Amurka kuma trepiggsvin.

A nan ya kamata a lura cewa Norwe tana da tsarin rubutu biyu na hukuma. Bokmål shi ne wanda ya tsiro daga rubutun Denmak, shi ne kuma mafi yawan jama'a ke amfani da shi. Nynorsk kuwa ya samo asali daga aikin Ivar Aasen, ɗan ƙauye da ya zagaya ƙasar a shekarun 1840 yana tattara maganar manoma da masunta, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850. A irin wannan maganar ta karkara ne wani tsohon sunan bushiya ya tsira, wato bustyvel. Kashinta na farko, bust, yana nufin gashi mai kaushi irin na burushi. Kashi na biyun ya sha sauyi har ba a gane shi a ido, amma shi ne zai kai mu Suwidin.

Suwidin: tsohon suna bai mutu ba

A Suwidin bushiya igelkott ce. Babu alade a ciki, babu tsinke. Kashin farko, igel, shi ne asalin sunan bushiya a harsunan wannan dangi tun kafin su rarrabu. A tsohon Norse igull ne. A Jamusanci har yau Igel ake cewa, a harshen Holan egel, tsohon Ingilishi ma yana da igil kafin ya yar da ita. Jijiyar ta wuce nan: ekhinos ta Girkanci da yozh ta Rashanci da ežys ta harshen Lituweniya duk daga tushe ɗaya suke. Wasu masana suna danganta tushen da wata tsohuwar kalma mai nufin maciji, wato dai dabbar da ke cin maciji. Ba maganar banza ba ce, don bushiya takan kashe ƙananan macizai, kuma jikinta yana jure dafin kububuwar Turai fiye da na sauran dabbobi masu girmanta.

Kashi na biyu, kott, masana asalin kalmomi sun fi alaƙanta shi da kotte, sunan ɗan dunƙulallen abu mai ɓawo-ɓawo da itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura ke haifarwa, wanda iri ke ciki. Asalin ma'anar ita ce ƙaramin abu dunƙulalle, kuma duk wanda ya taɓa ganin bushiya ta naɗe ya san dalili. Sai dai kunnen jama'a ya sha jin kalmar kamar katt, wato kyanwa, har wasu tsofaffin rubuce-rubuce suka zo da siga mai kama da sunan kyanwa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne wannan suna ba na Suwidin kaɗai ba ne a dā. Akwai wani littafi da aka rubuta a Norwe wajen shekarar 1250, a zamanin Sarki Håkon Håkonsson, mai suna Konungs skuggsjá, wato Madubin Sarki. Uba ne ke yi wa ɗansa nasiha a kan fatauci da zaman fada da yaƙi. Cikin kayan kare ganuwa da littafin ya ambata akwai wani da ake haɗawa da manyan gumagumai a kafa masa tsinaye, a sako shi kan masu ƙoƙarin hawowa. Sunansa igulköttr. Wato shekara ɗari bakwai da ɗoriya da suka wuce, mutanen Norwe sun san kalmar sarai har suna ara wa makami ita. Haka kuma bustyvel ɗin da aka ambata ta fito ne daga tsohuwar siga burstigull, ga igull ɗin nan a ƙarshenta. Aladen tsinke daga baya ya zo ya ture tsohon suna a Denmak da Norwe. A Suwidin bai samu ya ture shi ba, aƙalla a daidaitaccen harshe.

Wannan ne ya ba 'yan Suwidin sarari. Da beguwa ta zo neman suna, aladen ƙaya ba shi da mai shi, sai aka ba ta. Ga dukkan alama sun bi samfurin Jamusanci ne, inda Igel take bushiya, Stachelschwein kuma, aladen ƙaya, take beguwa. Tasirin Jamusanci a kan harshen Suwidin ba ƙarami ba ne tun zamanin fataken Jamus na ƙungiyar Hansa da suka cika biranen gaɓar tekun Baltik. Idan ana son bambanta iri biyun, ta Afirka da Asiya ita ce jordpiggsvin, ta ƙasa, ta Amurka kuma trädpiggsvin, ta bishiya.

Ba duk Suwidin ce ta tafi a haka ba. A lardin Skåne da ke can kudu, sunaye irin su pinnsvin da pinnso suna nan a karin harshen gargajiya, kuma bushiya suke nufi. So ita ce macen alade. Ba abin mamaki ba ne, domin Skåne ƙasar Denmak ce har sai da yarjejeniyar Roskilde ta 1658 ta miƙa ta ga Suwidin. An canza sarki da tuta, bakin mutanen ƙauye kuwa ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya bi.

Wani ƙaramin tarko kuma: kada mai koyon harshen Suwidin ya yi ƙoƙarin gajarta igelkott ya ce igel. Ita kaɗai, a harshen yau, matsattsaku take nufi, mai shan jini. Bajamushe in ya ce Igel yana nufin bushiya, matsattsaku a wurinsa Egel ce. Ɗan Holan kuwa in ya ce egel, bushiya yake nufi.

Me ya kawo alade cikin maganar?

Tambaya ce da mai karatu zai yi, kuma amsar tana da sauƙi. Babu wata dangantaka ta jini tsakanin alade da bushiya ko beguwa. Suna ne kawai. Manomin Turai da alade ya tashi, shi ne dabbar da ya fi sani a harabar gidansa, don haka da shi yake auna duk wani abu mai dogon hanci da ke tonon ƙasa yana gurnani. Bushiya kuwa in tana kiwo da dare tana huci tana shaƙar ƙasa da ƙarar da ta fi ƙarfin jikinta, a lokacin barbara ma har takan hana mutanen gida barci. Turawan Ingila ma haka suka yi, hedgehog aladen shinge ne, kalmar da ta bayyana a rubuce a ƙarni na 15. Porcupine tasu daga tsohon Faransanci ta zo, inda take nufin alade mai ƙaya, a Faransancin yau kuma porc-épic.

A Sikandinabiya abin bai tsaya kan masu ƙaya ba. Ɗan ɓeran nan mara wutsiya na Kudancin Amurka da ake kiwo a keji, marsvin suke ce masa a harsunan uku, aladen teku, wataƙila don ta teku aka kawo shi kuma kukansa irin na ɗan alade ne. A Denmak wannan kalma ita ce kuma sunan wata ƙaramar dabbar ruwa dangin kifin whale da ke yawo a tekunansu. A ra'ayina, in ana neman harshen da ya fi kowa barin mai sauraro ya yi ta kansa, na Denmak ne ya ci wannan gasa.

Ayislan da Finlan

Tsibirin Ayislan ba shi da bushiya a daji, balle beguwa. Dabbar tudu mai shayarwa guda ɗaya ce mutane suka tarar da suka fara zama a can a ƙarni na 9, wato dilan ƙanƙara. Duk da haka harshensu, wanda ya fi sauran riƙe kamannin tsohon Norse, yana da sunaye biyu: broddgöltur ga bushiya, wato namijin alade mai tsini, da puntsvín ga beguwa. Tsohuwar igull kuwa ta faɗa ruwa. Tana nan cikin ígulker, sunan wata dunƙulalliyar halitta mai ƙaya da ke manne da duwatsu a ƙarƙashin teku. Ita suke gani a gaɓarsu, ita ta gaji sunan.

Harshen Finlan ba dangin waɗannan ba ne sam, amma ƙasar ta yi ƙarnuka a ƙarƙashin Suwidin har zuwa 1809, kuma tsarinta irin na Suwidin ne: bushiya tana da nata suna, siili, beguwa kuma piikkisika, aladen ƙaya.

Inda sarƙar ta ƙara tsawo

Da Turawa suka isa Ostireliya suka tarar da wata dabba mai ƙaya da dogon baki mai lasar tururuwa da gara, wadda ke yin ƙwai amma tana shayar da 'ya'yanta nono. Ba bushiya ba ce, ba beguwa ba ce, ba ta ma kusa da ko ɗaya. A Denmak aka ce mata myrepindsvin, a Norwe maurpiggsvin, a Suwidin myrpiggsvin. Kashin farko a duka ukun tururuwa ne. A ido sunayen ɗaya suke, amma ɗan Norwe da ɗan Denmak suna jin bushiyar tururuwa, ɗan Suwidin kuwa beguwar tururuwa yake ji. Halittar tekun nan mai ƙaya da 'yan Ayislan ke kira ígulker, 'yan Denmak sun ce søpindsvin, bushiyar teku. 'Yan Norwe sun fi cewa kråkebolle, ƙwallon hankaka, 'yan Suwidin kuma sjöborre, suna kwatanta ta da ɗan tsiro mai ƙaya da ke maƙale wa tufafi.

Wahalar masu fassara

A hira ta baka kuskuren ba ya daɗewa, ɗaya zai nuna girman dabbar da hannu a yi dariya a wuce. A rubuce ne yake zama. Mai fassara littafin yara daga harshen Norwe zuwa na Suwidin in ya bar piggsvin yadda ya gan ta, ya sa wa yara beguwa a lambun kakarsu. Wanda ke fassara shirin namun dajin Afirka daga harshen Suwidin zuwa na Norwe in ya yi irin wannan sakaci, masu kallo za su ji ana cewa bushiya ta raunata zaki. Shahararren Sonic na wasan kwamfuta, wanda kamfanin Sega ya fitar a 1991, igelkott ne a Stockholm, pinnsvin ko piggsvin a Oslo, pindsvin a Kopenhagen, kuma duk dabba ɗaya ake nufi.

Irin wannan cuɗanya ta taɓa faɗa wa wani sanannen misali na falsafa. A littafinsa Parerga und Paralipomena na 1851, Bajamushen nan Arthur Schopenhauer ya ba da labarin wasu dabbobi masu ƙaya da sanyi ya dama, suka matsu da juna don su ji ɗumi, ƙaya ta soke su suka ja baya, sanyi ya sake koro su, har suka gano tazarar da za su iya jurewa. Zaman mutane da junansu yake nufi. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya ɗauko misalin a 1921. Dabbar da Schopenhauer ya ambata Stachelschwein ce, beguwa, amma a Ingilishi da wasu harsuna misalin ya fi yaɗuwa da sunan bushiya. Ga wanda ya san dabbobin, sauyin ya ɓata misalin. Beguwa tana zama da iyali a rami ɗaya, don haka matsuwa da juna ba baƙon abu ba ne a wurinta. Bushiyar Turai kuwa ba ta son taro, in sanyi ya shigo kowacce sheƙarta take shiga ita kaɗai ta yi barci.

Maganin wannan ruɗani, abin ban sha'awa, daga Suwidin ya fito. Carl von Linné, wanda aka fi sani da Linnaeus, an haife shi a lardin Småland a 1707, ya yi koyarwa a jami'ar Uppsala, ya rasu a 1778. Shi ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu da Latin. A bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na 1758, ya sa wa bushiyar Turai Erinaceus europaeus, beguwa mai tukku kuma Hystrix cristata. Har yau da waɗannan sunaye ake aiki. Tamu bushiyar mai farin tumbi, ta dajin Afirka ta Yamma, sunanta Atelerix albiventris, kuma ita ce wadda wasu Turawa ke saya su ajiye a gida don sha'awa. Duk wanda ya ci karo da piggsvin a rubuce, abu na farko shi ne ya duba da wane harshe aka yi rubutun. In akwai sunan Latin kusa da ita, magana ta ƙare.

Halin da 'yar gidan take ciki

Ƙaunar da mutanen waɗannan ƙasashe ke yi wa bushiya ba kaɗan ba ce. Kowane lardin gargajiya na Suwidin yana da dabbar da ke wakiltarsa, kuma ta tsibirin Gotland bushiya ce. Tana shiga dogon barcin sanyi wajen Oktoba ko Nuwamba, zafin jikinta ya sauka ƙasa sosai, bugun zuciya ya ragu, ba ta fitowa sai wajen Afrilu. Wadda ba ta tara isasshen kitse ba kafin sanyi ya shigo, sau da yawa ba ta farkawa. Shi ya sa mutane ke ajiye musu abinci a lambu da kaka. A dā madara ake sa musu a ɗan faranti, yanzu kuwa masu kula da namun daji suna hana haka, don cikin bushiya ba ya narkar da madarar saniya, zawo take sa ta. Ruwa da abincin kyanwa ake ba da shawarar a ajiye.

Akwai kuma gargaɗin da ake maimaitawa kowace shekara. A Suwidin ana hura babbar wuta a daren 30 ga Afrilu, bikin Valborg, a Denmak da Norwe kuma a daren 23 ga Yuni, Sankt Hans. Akan tara itace da ƙirare makonni kafin ranar, bushiya kuma ba ta da wurin da ta fi so kamar irin wannan tsibi. Don haka ake cewa a kwashe tsibin a sake tara shi a wani wuri a ranar da za a kunna.

Duk da wannan kulawa, yawan bushiyoyi raguwa yake yi. Motoci na take su, manyan gonaki sun cinye shingaye da kurmi, maganin ƙwari ya rage abincinsu, ga kuma injin yankan ciyawa mai tuƙa kansa da ya yaɗu a lambunan ƙasashen nan. Dabarar dunƙulewa da ta kare bushiya daga dila ba ta amfana mata komai a gaban taya ko wuƙar inji. A Oktoban 2024, ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta mai da bushiyar Yammacin Turai rukunin waɗanda ke dab da shiga barazana, ta kuma ambaci Norwe da Suwidin da Denmak cikin ƙasashen da aka ga raguwar.

A Denmak, wata mai bincike, Sophie Lund Rasmussen, ta roƙi jama'a a 2016 su tattaro mata gawarwakin bushiyoyin da suka tsinta, aka samu 697. An gano shekarun da yawa daga cikinsu ta hanyar ƙirga layukan da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi, layi ɗaya ga kowane barcin sanyi. Matsakaicin shekarunsu bai wuce biyu ba. Amma a cikinsu akwai wani namiji da aka sa wa suna Thorvald, daga yankin Silkeborg, wanda ya kai shekara 16, mafi tsufa da aka taɓa tabbatarwa a kimiyyance cikin bushiyoyin Turai. An wallafa sakamakon a 2023.